Aiki da Rana, Karatu da Dare: Gaskiyar Digirin Fat-tayim a Najeriya

Da wuya mutum ya shiga wata ma'aikata a Kano, Kaduna ko Abuja bai tarar da ma'aikacin da ya ajiye littafin karatu a aljihun teburinsa ba. Wani akawu ne mai difloma da ya daɗe a mataki ɗaya. Wata nas ce da ke son digiri kafin a ba ta shugabancin ɗakin marasa lafiya. Wani kuma malamin firamare ne mai takardar NCE, wanda yaran da ya koyar suka je jami'a suka dawo, yau su ne ke sa hannu a takardar hutunsa. Dukkansu sun yanke shawara iri ɗaya, wato su riƙe aikin da ke ciyar da gida, su nemi digiri a ragowar lokacinsu.

Sai dai maganganun da ke yawo a kan wannan karatu sun fi bayanin gaskiya yawa. Ana cewa takardarsa ba ta kai ta ɗaliban cikakken lokaci ba. Ana cewa wanda bai je bautar ƙasa ba ba zai samu aikin gwamnati ba. Wasu ma kai tsaye suke kiransa digirin kuɗi. A cikin kowace magana akwai ɗan abin kamawa, amma an cakuɗa abubuwa uku da ya kamata a raba su: matsayin takardar a idon doka, ingancin koyarwar da aka yi kafin a ba da ita, da kuma lokacin da ma'aikaci yake da shi a zahiri. Na farkon ya fi sauƙin warwarewa. Sauran biyun ne ke kayar da mutane.

Sunaye huɗu da ake haɗawa wuri ɗaya

Fat-tayim, kamar yadda kowa ke kiransa, karatu ne na ido da ido a harabar jami'a, amma da yamma bayan an tashi aiki ko kuma a ƙarshen mako. Ɗalibi yana ɗaukar kwasa-kwasai kaɗan a kowane zango, saboda haka digirin da ake yi a shekara huɗu yakan kai biyar ko shida. Jami'ar Bayero ta Kano, alal misali, tana da makaranta ta musamman da ke kula da irin wannan karatu.

Sanwic kuwa karatun dogon hutu ne, an tsara shi domin malaman makaranta. Idan firamare da sakandare suka rufe, sai malamai su koma ɗalibai na wasu makonni, a cusa musu karatun zango guda a ɗan taƙaitaccen lokaci. Tsangayar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta daɗe da yin suna a wannan fanni.

Na uku shi ne karatu daga nesa, inda malami da ɗalibi ba sa haɗuwa sai jefi-jefi. A da ta gidan waya ake aika darasi, yanzu ta intanet. Jami'o'in Legas, Ibadan, Maiduguri da Ahmadu Bello duk suna da cibiyoyinsa, ita kuma Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Najeriya, NOUN, aikinta kenan gaba ɗaya. Ana ce mata buɗaɗɗiya ne domin ta sassauta shingen shiga da na lokaci, ba a tambayar shekarun mutum, kuma yana iya tafiya daidai ƙarfinsa.

Na huɗun ba ya cikin wannan sahu ko kaɗan, amma ana yawan jefa shi ciki. Shi ne hutun ƙaro karatu, inda ma'aikata ke sallamar ma'aikacinta, da albashi ko babu, ya je ya yi karatu na cikakken lokaci. Wanda ya samu wannan ɗalibi ne kamar kowa, ba ya haɗa aiki da aji.

Hanyar ta girmi jami'o'in ƙasar

Tun 1858 Jami'ar Landan ta buɗe jarrabawarta ga waɗanda ba sa zaune a ajinta, kuma ta wannan ƙofa 'yan Najeriya na farko da yawa suka samu digiri kafin a kafa Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948. Alvan Ikoku, wanda hotonsa ke kan takardar naira goma, yana koyarwa ya yi digirinsa na falsafa a 1928. Obafemi Awolowo ma ta haka ya samu digirin kasuwanci, yana fafutukar neman abinci a gida. Kwalejojin wasiƙa irin su Wolsey Hall da ke Oxford su ke aiko da darussa, ɗalibi ya amsa, ya mayar, ya jira makonni kafin gyara ya iso. A Afirka ta Kudu, jami'ar UNISA ta koma koyarwa daga nesa tun 1946, kuma daga wurinta Nelson Mandela ya kammala digirinsa na shari'a yana tsare.

A ƙasar Hausa ma haɗa sana'a da karatu ba baƙon abu ba ne. Karatun zaure a kan haka ya ginu: maɗinki ko ɗan kasuwa ya ɗauki darasi bayan Asuba, ya tafi rumfarsa, ya dawo tsakanin Magariba da Isha'i, ya shekara ashirin a haka har ya zama malami. Bambancin kawai shi ne a zaure ba a kafa wa mutum ranar jarrabawa, kuma babu mai korarsa don ya yi jinkiri.

Gwamnati ta shigo da ƙarfinta ne saboda ƙarancin malamai. A 1976, shekarar da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna domin ɗaga darajar malamai ba tare da an cire su daga aji ba. A Yulin 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kafa buɗaɗɗiyar jami'a, tana koyi da ta Birtaniya wadda aka kafa a 1969. Ba ta cika shekara ba gwamnatin soja ta Muhammadu Buhari ta dakatar da ita a Afrilun 1984. Sai a farkon shekarun 2000 Olusegun Obasanjo ya farfaɗo da ita, daga baya kuma ya shiga ya zama ɗalibinta, har ya karɓi digirin digirgir a fannin tauhidin Kirista a 2018. A lokacin, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Kano ne shugabanta, muƙamin da ya riƙe daga 2016 zuwa 2021. Abin mamaki, Buharin da ya dakatar da ita yana soja, shi ne ya sa hannu a gyaran dokarta a 2018 yana farar hula.

Me ke mayar da ma'aikaci aji?

Babban dalili tsanin aikin gwamnati ne. Mai ƙaramar difloma yakan fara a mataki na 6, mai NCE a na 7, mai digiri a na 8. Tazarar farko ba ta da yawa, amma rufin ya bambanta. Mai digiri yana layin manyan jami'ai, yana iya kaiwa mataki na 17 na darakta, alhali wanda ba shi da shi yakan tsaya can ƙasa ko da shi ne ya fi kowa sanin aikin. Masu babbar difloma ta HND sun daɗe suna kokawa da cewa ana tsayar da su a mataki na 14. Majalisar Tarayya ta amince da ƙudirin soke bambancin a 2021, amma bai samu sa hannun shugaban ƙasa a wancan zango ba. Shi ya sa za a ga mai HND, wanda ya riga ya shekara biyar a karatun gaba da sakandare, ya sake komawa neman digiri.

Dalili na biyu ƙarancin gurbi ne. Masu zana jarrabawar JAMB sun kai wajen miliyan 2 a shekara, waɗanda ke samun shiga kuwa ba su kai rabi ba. Da yawa daga waɗanda aka bari a waje sukan kama aiki ko sana'a, su yi aure, sai bayan shekaru su waiwayi digirin ta ƙofar da ta rage musu.

Sai yajin aiki. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta rufe azuzuwa wata tara a 2020, ta sake yin wata takwas a 2022. Mutum mai iyali ba zai ajiye albashi ya shiga karatun da bai san ranar gamawarsa ba. Tun bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuwa, maganar barin aiki don karatu ta ƙara nisa da talaka, domin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 da kyar yake kai gida ƙarshen wata.

Takardar, da takardun da ke biye da ita

A idon doka, digiri digiri ne muddin jami'ar tana da lasisi, kuma Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta amince da wannan kwas ɗin a wannan tsarin. Sharaɗi na ƙarshen ne mutane ke tsallakewa. Jami'a tana iya samun izinin koyar da ilimin akanta ga ɗaliban cikakken lokaci, amma ba ta da izinin koyar da shi da yamma ko daga nesa. Sunan jami'a kaɗai ba ya wadatarwa. Haka kuma, ko da yake ɗalibin fat-tayim ba ya zana jarrabawar shiga ta JAMB, dole ne hukumar ta san da shigarsa, sunansa ya shiga rajistarta. Wanda makarantarsa ta ɗauke shi ta bayan fage yakan gano haka ne bayan ya gama, lokacin da gyara ya yi tsada.

Maganar bautar ƙasa ita ce ta fi ruɗa mutane. Hukumar NYSC, wadda gwamnatin Yakubu Gowon ta kafa a 1973, tana ba da takardu iri uku. Wanda ya yi hidimar shekara guda yana karɓar takardar kammalawa. Wanda ya gama karatun cikakken lokaci yana sama da shekara 30 yana karɓar takardar yafiya. Wanda ya yi fat-tayim, sanwic ko karatu daga nesa kuwa, wasiƙar cirewa ake ba shi, wadda ke shaida cewa doka ba ta ɗora masa hidimar ba. Wannan wasiƙa ita yake gabatarwa a wurin neman aiki ko ƙarin girma, kuma ta wadatar. Abin da ya rasa shi ne sansani, kaki da alawus, wanda ya kai naira 77,000 a wata tun 2025. Ga ma'aikaci mai albashi wannan ba hasara ba ce, hasali ma hutu ne, domin shekara guda a wata jiha tana iya raba shi da kujerarsa. Ga matashi ɗan shekara 20 da ya shiga fat-tayim don ya rasa gurbi, magana ce ta daban, kuma a nan ne ake samun masu biyan kuɗi a cusa sunansu cikin jerin ɗaliban cikakken lokaci. Wasa da takardun NYSC ba ƙaramin haɗari ba ne: ce-ce-ku-ce a kan takardar yafiya ne ya sa ministar kuɗi Kemi Adeosun ta ajiye muƙaminta a Satumbar 2018.

Akwai kuma fannonin da ƙofarsu a rufe take. Ba a zama likita da karatun ƙarshen mako. Shari'a ma haka, kuma ɗaliban shari'a na NOUN sun ɗanɗana kuɗarsu: sun kammala digiri, amma Majalisar Kula da Ilimin Shari'a ta shafe shekaru tana ƙin karɓarsu a Makarantar Horar da Lauyoyi, sai daga baya aka buɗe musu hanya ta wani kwas na share fage. A nan jami'a halastacciya ce, digirin ma halastacce, amma hukumar sana'ar ba ta gamsu ba. Duk wanda sana'arsa ke da hukumar ba da lasisi, amincewar NUC rabin tambayarsa ce kawai. Nas mai rajista, alal misali, tana iya yin digirin jinya daga nesa, domin ta riga ta yi horon asibiti tana da lasisinta.

Masu suka da masu karewa

Masu suka suna cewa taura biyu ba ta taunuwa. A ganinsu, wanda ya wuni a ofis ya iso aji ƙarfe biyar a gajiye ba karatu yake yi ba, haddar abin da zai fito a jarrabawa yake yi. Suna ƙarawa da cewa jami'a ba laccoci ba ce kawai, akwai ɗakin karatu, muhawara da zama da tsara, waɗanda ɗalibin Asabar ba ya samu. Zarginsu mafi nauyi kuwa a kan jami'o'in yake: gwamnati ba ta ba su isasshen kuɗi, kuɗin makarantar ɗaliban cikakken lokaci ba ya ɗaukar nauyi, sai fat-tayim ya zama hanyar samun kuɗin shiga. A ɗebi ɗalibai fiye da kujeru, a ba malamin da ya riga ya gaji da aikin mako, a taƙaita darasin wata uku a ƙarshen mako huɗu.

Wannan zargi yana da tushe, domin hukumomi da kansu sun tabbatar da shi. A 2001 gwamnati ta haramta rassan da jami'o'i ke buɗewa a garuruwa masu nisa, sau da yawa a azuzuwan firamare na haya. A 2012 NUC, ƙarƙashin Farfesa Julius Okojie, ta dakatar da karatun fat-tayim a jami'o'i domin ta binciki yadda ake gudanar da shi, ta kuma nemi kada ɗalibansa su wuce kashi 20 cikin ɗari na ɗaliban cikakken lokaci.

Masu karewa kuwa suna cewa a duba wanda ke zaune a ajin. Akawun da ya shekara goma yana haɗa lissafin ma'aikata ya fi ɗan shekara 18 gane darasin binciken kuɗi, domin ranar Litinin zai gwada abin da ya ji ranar Asabar. Da kuɗinsa yake biya, ba mai tilasta masa. Ga matar aure da ba za ta bar gida ta tare a wani gari ba, ga soja ko ɗan sanda da ake yawan canja wa wurin aiki, ga fursunonin da NOUN ke koyarwa kyauta a gidajen yari irin su Kirikiri, zaɓin ba tsakanin fat-tayim da cikakken lokaci yake ba. Ko dai wannan, ko babu digiri. Suna kuma nuna cewa cunkoso, sayar da takardun lacca da satar amsa ba su bar ajin safe ba.

Idan aka auna, hujjar masu suka ta fi kama yadda ake gudanar da shirin, ba shirin kansa ba. Kuma akwai abin da ake yawan jingina wa fat-tayim alhali ba nasa ba ne, wato sayen takarda. A Disambar 2023 ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya bayyana yadda ya samu digiri daga Kwatano cikin mako shida ba tare da ya zauna a aji ba, abin da ya sa a Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun jami'o'in ƙasashen Benin da Togo. Irin wannan kasuwa ma'aikacin da ke gaggawar ƙarin girma take farauta. Alamarta a fili take: duk shirin da ya yi alkawarin gama digiri da sauri fiye da na cikakken lokaci, alhali ɗalibin yana aiki, lissafinsa bai fita ba.

Lissafin awoyi

Digirin shekara huɗu a Najeriya yana buƙatar aƙalla kiredit 120, wato ma'aunin nauyin kwas gwargwadon awoyin da ake koyar da shi a mako. Fat-tayim bai rage wannan adadi ba, shimfiɗa shi kawai ya yi. Buɗaɗɗiyar jami'ar Birtaniya tana gaya wa ɗalibanta cewa mai son gama digiri a shekara shida ya ware awa 16 zuwa 18 a kowane mako.

Mako yana da awa 168. A cire 40 na aiki, 49 na barci, a cire kamar 10 na zirga-zirga ga mai zama a Maraba ko Suleja yana aiki a Abuja, saura 69. A takarda wannan ya isa har da rara. Amma a cikinsu ne za a yi salla, cin abinci, cefane, kai yara makaranta, dubiya, ɗaurin aure, suna da ta'aziyya, kuma a cikin al'ummar da rashin halartar jana'iza ke zama abin magana, ba a soke waɗannan da uzurin jarrabawa. Ga mace ma'aikaciya lissafin ya fi tsanani, domin girki da raino suna jiranta bayan ofis, karatun nata yakan koma bayan yara sun yi barci ko kafin Asuba. Sai a ƙara rashin wutar lantarki da kuɗin data, wanda ya tashi bayan hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025.

Inda mutane suka fi faɗuwa shi ne ɗaukar kwasa-kwasai da yawa a zangon farko, cikin zumuɗi. Kwas ɗaya da aka faɗi yakan koma kari-oba, wato a sake shi a shekara mai zuwa a kan sabon kaya, da sabon kuɗi. A NOUN, ayyukan gwaji na cikin zango suna ɗaukar kashi 30 na maki, jarrabawa kashi 70, saboda haka wanda ya bari sai makon jarrabawa ya buɗe littafi ya riga ya zubar da wani kaso. Karatu daga nesa ma ya fi yaudara a nan, domin babu malamin da zai lura cewa kujerar wani ta kwana biyu babu kowa. Ma'aikatan Jihar Kaduna sun samu ɗan sauƙi lokacin da jihar ta koma aikin kwana huɗu a mako a Disambar 2021, Juma'a ta zama tasu.

Izinin ofis da abin da ke biyo baya

A aikin gwamnati, digirin da aka yi a ɓoye yana iya zama takarda a akwati. Ƙa'ida ita ce ma'aikaci ya nemi izini a rubuce kafin ya fara, kuma kwas ɗin ya dace da aikinsa. Ko da izinin, canja layi ko ɗaga mataki ba ya zuwa kai tsaye, sai akwai gurbi, wani lokaci sai mutum ya yarda ya sauka mataki kafin ya hau sabon layin. Shekaru ma suna cikin lissafi: ana ritaya a shekara 60 ko bayan 35 na aiki, ko da yake dokar 2022 ta ƙara wa malaman makaranta zuwa 65 da 40, abin da ya sa digirin malami ɗan shekara 45 ya fi biyan kuɗinsa fiye da da. A kamfanoni kuwa babu ƙa'ida ɗaya. Wasu suna biyan kuɗin makarantar su ɗaure ma'aikaci da yarjejeniyar zama na wasu shekaru, wasu kuma suna kallon mai karatu a matsayin wanda ke shirin tafiya.

Alamu sun nuna cewa ajin yamma zai ci gaba da komawa cikin waya da kwamfuta, musamman tun bayan annobar korona ta 2020, kuma NUC tana ƙara ba jami'o'i izinin buɗe cibiyoyin karatu daga nesa. Wannan zai rage wahalar hanya ga malamin da ke ƙauye, amma zai mayar da nauyin tantancewa kan jarrabawa: wa ya zana ta, a ina, wa ya sa ido. Akwai kuma tasirin da ya riga ya fara bayyana a ofisoshi. Yayin da masu digiri suka yi yawa a mataki na 8 zuwa na 10, gasar ta matsa gaba, ma'aikatan da suka gama digirin farko da yamma suna komawa neman difloma ta gaba da digiri da kuma digiri na biyu a harkar kasuwanci ko mulki, su ma a ƙarshen mako.